Tagogin Pa Beckley

Duk Murray Town babu wanda bai san Sisi Remi Beckley ba, amma da wuya ka sami wanda zai ce maka yana ƙaunarta tsakaninsa da Allah. Rabin unguwar ta hannunta suka bi a firamare, kuma har gobe akwai ƙarti masu furfura da in sun hango ta tafe da lemarta sai ka ga sun cusa riga cikin wando ba su ma san sun yi ba. Ba ta taɓa aure ba. Ba ta taɓa kwana a wani gida ba sai na ubanta. Ko lokacin yaƙin basasa, da kowa ke neman jirgin ruwan da zai kai shi Konakiri, ita ƙofa ta rufe ta yi zamanta.

Gidan ba wani babban gida ba ne. Falo ne da ɗaki biyu, sai ɗan ɗakin sama a ƙarƙashin rufi wanda dogon mutum ba ya iya miƙewa a ciki. Ubanta, Pa Josiah Beckley, kafinta ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, shi ya gina shi da hannunsa tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, tun yana saurayi, da yamma in an tashi aiki. Ya ɗora tushe da jar marmara har zuwa ƙugu, ya jera katako a kai, ɗaya na hawa bakin ɗaya. Bangon da ke kallon teku, da iskar gishiri ta fara cin sa, sai ya bi shi da garewanin kananzir da ya farke ya baje da guduma, suka yi tsatsa suka koma kamar ɓawon kifi. Inda Pa Josiah ya zuba gwanintarsa shi ne tagogi. Kowace taga da ƙyaurenta biyu na katako, a samanta kuma ya sassaƙa ganyen gwanda, ya huhhuda tsakanin yatsun ganyen don iska ta riƙa shiga ko an rufe. A jikin ƙyauren tagar falo akwai wani baƙin tabo mai siffar dutsen guga. Remi ce ta jingina shi da zafinsa tana 'yar shekara tara, ta kuwa ci dukan da har ta tsufa in ta kalli wurin sai ta ji bayanta ya motsa.

To, gidan gado ne, mu Kiriyo kuwa, jikokin 'yantattun bayin da suka kafa birnin nan, mun iya barin gida ga 'ya'ya da jikoki gaba ɗaya, mu je mu kwanta a maƙabarta mu bar su da juna. Yayyenta maza biyu sun rasu. Yawancin 'ya'yansu suna Landan da Amurka, ba su san inda rufin yake yoyo ba, amma sun san wani ɗan kasuwa yana son filin ya dasa bene mai shaguna a ƙasa. Suka yi taronsu ta waya, suka gama magana, sannan suka kira ta suka sanar da ita cikin ladabi: bayan sabuwar shekara za a sayar, ita kuma an tanadar mata ɗaki a unguwar Goderich, a gidan wata 'yar yayanta, can baya inda mai gadi yake kwana a da. Sisi Remi ta saurare su har suka gama, ta ce a gaida yara, ta ajiye wayar. Ranar ba ta ci abinci ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko lokacin da ake harbi a gari, don ta san ranar da aka fitar da ita daga gidan nan ta zama tsohuwar da ake ajiye wa abinci a bakin ƙofa.

Sai ga mafita ta ɓullo ta inda ba ta zata ba. Wata Lahadi bayan sujada Rabaran, limamin cocinsu, ya ja ta gefe ya ce akwai wani kwamiti da ke zagaya unguwanni yana duba tsofaffin gidajen katako, don suna ƙarewa. Wanda suka ga ya cancanta sai su manna masa ɗan allon ƙarfe, daga nan kuma ba mai ikon rushe shi, ko magada ko mai saye. Ya ce ya ba da sunan gidanta, za su zo a mako na biyu na Janairu. Ta tambaye shi me suke dubawa. Rabaran bai san komai a kai ba, amma ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba, sai ya ce ai gidan da aka kula da shi, mai daraja, wanda ba zai ba ƙasa kunya ba.

Abin da kunnen Sisi Remi ya ji shi ne sufeto zai zo. Ita kuwa ta san zuwan sufeto kamar yunwar cikinta. A shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, a kwashe karyayyun bencina a kai bayan makaranta a lulluɓe, yaron da rigarsa ta yage a ce ya zauna gida ranar. Duk shekarunta na koyarwa ba a taɓa kama ta da ƙura a kan taga ba. Ta dawo daga coci ta tsaya a titi ta ƙare wa gidan kallo da idon baƙo, abin da ba ta taɓa yi ba, sai ta ga tsatsa, ta ga fentin da ya ɓaɓɓare, ta ga ƙyauren da aka ɗaure da waya. Kunya ta rufe ta.

Ana haka Disamba ta kama, 'yan uwanmu na ƙasashen waje suka fara sauka da turarensu da robobin ruwansu, suna tambayar yaushe gari ya yi zafi haka. Cikinsu har da Akintola, ɗan babban yayanta, wanda dangi suka wakilta ya zo ya ƙarasa cinikin. Sana'arsa ke nan a Landan, sayen tsofaffin gidaje da sayarwa, saboda haka abin da ɗan allon ƙarfe yake yi wa ciniki ya fi kowa sani.

Akin a hannunta ya tashi. Uwarsa ta tafi Ingila karatun jinya ta bar mata shi yana ɗan ƙarami, a ɗakin saman nan yake kwana. Ta riƙe shi da gaskiya, ta kuma riƙe shi da bulala. Akwai shekarar da aka yi wata da watanni ba a biya malamai albashi ba, gidan ya koma garin rogo da ruwa safe da yamma. Yaron ya je maƙwabta ya ce yunwa yake ji, aka zuba masa shinkafa, labari ya dawo. Ta zane shi sai da ya yi fitsari a tsaye. Daga ranar, kullum kafin ya fita sai ta dangwali manja ta shafa masa a leɓe, don duk wanda ya gan shi ya ɗauka daga kan kwanon miya ya taso. Ta ce masa abin da ya faru a gidan Beckley a gidan Beckley yake mutuwa. Ita ta daɗe da manta wannan. A ganinta tarbiyya ta ba shi, ga shi kuwa ya zama mutum.

Ranar Asabar ya zo gaishe ta, ta yi masa fufu, tuwon rogo, da miyar shuwaka kamar yadda kowane gidan kirki yake yi ran Asabar. Da ta iya riƙe bakinta da labarin ya canza. Amma Sisi Remi ba ta iya cin nasara a ɓoye ba. Yana cikin tsotsar ƙashi ta gaya masa zancen kwamiti, har da lokacin zuwansu, tana kallon fuskarsa don ta ga yadda za ta canza. Ya wanke hannu, ya goge da tawul a hankali, ya tashi ya zagaya falon yana taɓa tagogi.

"Anti, kin gama da mu," ya ce yana dariya. "In hukuma ta sa hannu, mu su wa? Ni dama ban so a sayar ba, sauran ne suka matsa. Abu ɗaya ne kawai yake damuna."

Ta ce ya faɗa.

"Haka za su zo su same shi? Hoto fa suke ɗauka, su sa a jarida, har a waje a gani. A rubuta gidan Beckley, a nuna garwar kananzir. Mutanen da kika koya wa karatu su ce ashe haka Ticha take zaune, kamar 'yar gudun hijira."

Bai ƙara ko kalma ba, don tun yana yaro ya san inda gyambon yake. Sisi Remi ta dubi bangon, ta dubi ƙyauren da aka ɗaure da waya, ta ce da fanshon malamin makaranta ko fenti ba za ta iya saye ba. Ya ce wa ya ce ta taɓa fanshonta? Shi zai yi komai, tukuicin riƙon da ta yi masa ne. Sai da ta juya baya ta share ido. Washegari a coci duk wanda ya tsaya kusa da ita sai da ya ji cewa ɗan da ta rena ya dawo ya rufa mata asiri.

Ran Litinin ma'aikata suka dira da tsani da guduma. Kada wani ya ce maka an yi wa tsohuwar nan fin ƙarfi, muna nan muna kallo ta kan katanga. Ita ce ta tsaya a tsakar gida da lemarta tana nuna abin da za a cire. Aka ɓamɓare garewanin kananzir aka zubar a bola. Katakon bango, wanda ya ruɓe da wanda bai ruɓe ba, aka fizge shi aka maye gurbinsa da sabon kwano mai sheƙi, gaba da baya. Aka shafe jar marmarar da siminti sumul. Aka cire ƙofar Pa Josiah aka kafa ta ƙarfe 'yar China mai zanen ruwan zinariya, aka tone daɓen katako na falo aka shimfiɗa tayil. In wani ma'aikaci ya yi sanyin jiki sai ta daka masa tsawa, ta tuna masa cewa ko a aji haka yake, malalaci.

A kan tagogi ne kawai ta ɗan yi turjiya. Ranar da aka zo kan tagar falo ta ɗora hannu a kan tabon dutsen gugar ta ce wannan a bar ta, a shafa mata fenti ya isa. Akin ya zaro makullin mota ya soka a wani lungu na katakon, ɗan gari ya zubo. Ya ce gara ta shiga, in aka bar taga ɗaya za ta bi gidan kaf, gwamma a kai su bayan gari a ƙona. Kuma wane sufeto ne zai ga sabon bango da tsohuwar taga bai yi dariya ba? Ta janye hannunta. Ta lura cewa tagogin da za a ƙona sai da aka naɗe kowace a tsohon bargo, aka jera su a bayan mota kamar ƙwai, Akin na tsaye yana cewa a yi hankali da ganyen. Abin ya taɓa zuciyarta. Ta ce a ranta yaron nan yana girmama kakansa.

Kafin Kirsimeti gida ya fito fes, shuɗi, da tagogin gilashi. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa Ticha an shigo gari, wasu da gaske, wasu da abin da ke ransu. Da rana cikin gidan yakan ɗauki zafi kamar tanderu, don ga kwano ta ko'ina kuma babu sauran inda iska za ta bi, amma ta ce za ta saba. Ran sabuwar shekara ta je maƙabarta kamar kowa, da ruwa da goro. Ta share kabarin Pa Josiah, ta zuba masa ruwa, ta gaya masa ta ceci gidansa, sannan ta ɓare goro fari da ja ta jefa don ta ji ko ya karɓa. Goron ya kife duka. Ta tsince ta sake jefawa, ya sake ƙi. Ta yi ta maimaitawa har ya faɗi yadda take so, ta ce yauwa, ta kakkaɓe siket ɗinta ta tafi.

Ranar zuwan kwamiti tun da sassafe take tsaye. Ta gasa burodin shinkafa da ayaba, ta tace ruwan citta, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai an yi biki ko rasuwa. Ta sa rigar coci da hula. Akin ma ya zo da wuri, ya ce ba zai bari ta karɓi baƙi ita kaɗai ba.

Motar kwamitin ta wuce ƙofar gidan, ta dawo, ta sake wucewa. Sai da mai shagon kusurwa ya nuna musu da hannu suka tsaya. Mutum uku suka fito: wani dattijo mai kyamara, wani mai igiyar awo, da wata matashiya da wandon jins da takalmin ma'aikata. Sisi Remi ta miƙa wa dattijon hannu, sai ya ce ai ga shugabar nan, Yeabu Turay, ita ce mai ilimin zanen gine-gine. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa. Ta sa rai da Bature, ko aƙalla ɗan gidan da ta san kakansa, sai ga 'yar ƙabilar Temne daga garin Port Loko, irin waɗanda a zamanin uwarta ta ƙofar baya suke shigowa da tiren kifi a ka. Wannan ciwon namu ne, ba na Sisi Remi kaɗai ba, kuma mu yake ci.

Yeabu ta rusuna ta gaishe ta da ladabi, ta kira ta Mama. Ta tambaya ko nan ne gidan Beckley da aka ce kafinta ya gina. Aka ce nan ne. Ta daɗe tana kallon ƙofar 'yar China. Ta shiga ta ƙwanƙwasa bango, kwano ya amsa. Ta hau ɗakin sama, inda ma'aikata ba su kai ba, ta jima a can tana shafa ginshiƙan da Pa Josiah ya haɗa ba ƙusa ko ɗaya, sannan ta sauko. Dattijon ko murfin kyamararsa bai buɗe ba.

Suka zauna, aka zuba ruwan citta. Yeabu ta tambaya yaushe aka yi aikin. Sisi Remi ta gyara zama ta ce watan jiya, kuma saboda su aka yi, don gidan Beckley ba ya karɓar baƙi da tsatsa.

"Komai sabo ne," ta ce. "Ki duba da kyau, ba za ki sami ruɓaɓɓen katako ko ɗaya ba."

"Shi ne abin, Mama," in ji Yeabu a hankali. "Mu tsohon muke nema. Tsatsar, da garwar, da hannun wanda ya yi. Ko ya karkace, ko yana yoyo, mu za mu nemo masu gyara shi yadda yake. Wannan kuwa, ki yi haƙuri, in na kai wa kwamiti hotonsa cewa za su yi shagon sayar da waya ne."

Maganar ta shiga kunnen Sisi Remi amma ta ƙi zama. Ta juya ta dubi Akin. Yana jingine a bakin ƙofa da kofi a hannu, yana girgiza kai irin na mai jimami. Ya ce kash, da sun sani.

Tausayi ne ya sa Yeabu ta zaro wayarta, don ta nuna wa tsohuwar irin abin da take nufi. Ta ce a makon jiya ta je wani sabon gidan cin abinci a bakin teku a Lumley, irin wanda 'yan Disamba suke cikawa, ta tarar an ƙawata bangonsa da wasu tsofaffin tagogi, aikin da ba ta taɓa ganin irinsa ba duk yawonta a garin nan. Mai wurin ya ce wani ne ya sayar masa, daga wani gida a nan Murray Town, bai san wanne ba. Ta matso da kujerarta, ta riƙe mata wayar kusa da ido, ta buɗa hoton da yatsu biyu.

Ganyen gwanda ne. An goge shi da mai yana ƙyalli, an rataya masa ƙananan fitilu, a ƙasa kwalaben giya a jere. A ƙyauren hagu, daidai inda hannun 'yar shekara tara yake kaiwa, ga baƙin tabo mai siffar dutsen guga.

"Mama, ke a nan aka haife ki, babu gidan da ba ki sani ba," in ji Yeabu. "Na wane ne? In gidan yana tsaye, kuma ba da sanin mai shi aka sayar ba, ana iya dawo da su. Siminti ana ɓamɓarewa, kwano ana cirewa. Ni da kaina zan tsaya a gaban kwamiti."

Tana maganar tana kallon sabbin tagogin gilashin, tana auna faɗinsu da tsawonsu da ido, don ba sakarya ba ce, ta riga ta gane. Hanya ta buɗe wa tsohuwar. Abin da ake nema kawai ta buɗe baki ta ce na ubana ne.

Sisi Remi ta san haka. Amma a bayan maganar akwai sauran tambayoyi. Wa ya sayar? Ɗan yayana, wanda na rena, ga shi can tsaye. Ke kina ina? Ina tsakar gida da lema, ni nake nunawa. Za ta faɗi wannan a gaban dattijo mai kyamara, da mai awo, da jikar masu tallan kifi. Gobe Rabaran ya ji, jibi duk wanda ta taɓa zanewa a Murray Town ya ji cewa ɗan Beckley ya yi wa gwaggonsa sata, kuma Ticha mai gyara wa kowa kuskure an yi mata wayo irin wanda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ta ɗaga ido ta dubi Akin. Ko gezau bai yi ba. Ya gutsuri burodi yana taunawa, yana kallonta kamar malamin da ke jiran a kawo masa hadda.

Ta ture wayar da yatsa ɗaya.

"Ban san su ba," ta ce. "Mu ba ma zuwa mashaya."

Yeabu ta ce ta ƙara dubawa, wataƙila hasken ne ya hana ta gani. Ta ce idonta lafiya lau, bara aka yi mata aiki. Ta tura musu farantin burodi ta ce su ci tun da ɗuminsa. Suka ci don kunya. Da za su tafi Yeabu ta riƙe hannunta a bakin ƙofa ta ce sai ƙarshen wata za su yanke shawara, in ta tuna wani abu Rabaran yana da lambarta. Sisi Remi ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen Port Loko.

Da ƙarar motar ta ɓace ta dawo falo. Akin ya zauna a kujerar Pa Josiah ya miƙe ƙafa, yana tsince ɓurɓushin burodi a faranti. Ta tsaya a kansa, ta ɗaga lemar. Ta ce masa ɓarawo, ta ce masa maci amana, ta ce Pa Josiah yana kallonsa. Duk ƙasa-ƙasa ta faɗa, don kwano ba ya tare magana kamar katako, ga maƙwabta a tsakar gidansu.

"Ɗaga murya mana, Anti," ya ce. "Ko in buɗe miki taga?"

Ta sauke lemar.

"Kin san ko ɗar ban ji ba da ta fito da wayar nan? Na san ba za ki faɗa ba. Ni fa ɗalibinki ne." Ya dangwali maiƙon da ya rage a faranti ya shafa a leɓensa a hankali, na sama da na ƙasa, sannan ya miƙe. "Burodin ya yi daɗi. Masu awon fili za su zo ran Laraba, a bar musu ƙofa a buɗe."

Tana da sauran lokaci har ƙarshen wata, kuma nan ne abin yake da ban haushi. Lahadi biyu ta tsaya a gaban Rabaran a ƙofar coci, lambar yarinyar tana aljihunsa. Ta farko ya tambaye ta yaya aka yi da baƙi, ta ce sun yaba ƙwarai, ita ce dai ta ga ba ta son ƙarfen hukuma a jikin gidan ubanta. Ta biyu har ta buɗe baki, sai ga matar mai shago ta matso tana gaishe ta. Ta ce wa'azin yau ya yi tsawo, ta buɗe lemarta ta wuce.

Ranar tashi ta sa rigar coci da hula. Unguwa ta fito, kowa da abin da ya fake da shi, wani tsintsiya, wani bokiti. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sallama, tana gaya musu yaran ne suka dame ta da roƙo ta je ta huta a Goderich, gida ne babba, ga masu aiki. Suka ce Allah ya sa albarka, Ticha ta yi dacen 'ya'ya. Asirin da ta ba da gidan ubanta don ta rufe shi kuwa tun kafin Kirsimeti yake yawo a unguwa, don direban da ya kwashi tagogin ɗan layin ne. Babu dai wanda ya ga dalilin da zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar matar da ta taɓa sa shi durƙuso a kan tsakuwa.

Akin ne ya ja motar, ita tana baya da akwatinta, hoton Pa Josiah a cinya. Akwai hanyar da ta fi kusa, amma ya ce bari su bi ta bakin teku Anti ta sha iska. Da suka iso Lumley ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har ya tsaya kamar mai ba wani hanya, alhali babu kowa a gabansa. Gidan cin abincin nan a buɗe yake ta gefen titi. Wata ma'aikaciya tana tsaye a kan kujera da tsumma da ruwan sabulu, tana ta dirzar tabon dutsen gugar, ta ɗauka datti ne.

"Anti, dubi aikin mutanen da," ya ce. "Yanzu ba a samun irinsa."

Sisi Remi ta gyara hularta, ta kafa ido a ƙeyarsa. Ta ce ya ɗaga gilashi, iskar tana ɓata mata gashi.